Ranar da Wilson Ya Ɗaga wa Babana Ƙafa

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari na riga ku faɗa: e, ɗan sinuka na so, wato mai buga ƙwallaye da sanda a kan tebur. Na san abin da ake cewa a kansu, wai 'yan zaman kashe wando ne, ba su san komai ba sai sanda da alli. To ni a gindin teburin sinuka na tashi, don haka ku ajiye dariyarku tukuna ku ji yadda aka yi.

Sunana Judith, a Romi, cikin Kaduna, gidanmu yake. A lokacin da abin nan ya faru, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu kuma ta fara shiga jakar talaka. Ina koyarwa a wata firamare a Mahuta. Babana, Baba Ernest, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka sallame su aiki, abokansa wasu suka sayi babur, wasu suka koma Filato noma. Shi kuwa sai ya je ya roƙi tsohon teburin kulob ɗin ma'aikata, ya ɗauko shi a a-kori-kura, ya kafa masa rumfar kwano a ƙofar gida.

Teburin ya girme ni. Koren ƙyallensa ya koɗe, kusurwa ɗaya ma faci ne. Amma kullum da safe, kafin Baba ya sa komai a bakinsa, sai ya goge shi da wani burushi mai mariƙin katako. Burushin nan ba mai taɓa shi. Ni kaina, 'yarsa tilo, na taɓa shan ranƙwashi don na ɗauka zan kakkaɓe takalmi. Dokokin rumfar kuwa kowa ya haddace: ba caca, ba taba, wanda ya ci shi ke ci gaba da bugawa, wanda aka ci shi ke jera ƙwallaye.

Da yamma idan benci ya cika, wasan kansa ba ya kai musun zafi. Musu ɗaya ne kullum, tun ina 'yar makaranta: wa ya fi kowa iya sinuka a garin Kaduna, daga da zuwa yanzu?

“Zakariyya'u Bahago,” haka Baba zai ce, ko ɗaga kai ba ya yi. “Ba a yi kamarsa ba, kuma uwar da za ta haifi irinsa ba ta zo duniya ba tukuna.”

“Haba Baba, an wuce wannan zamanin fa!” samari za su ɗauka. “Ka taɓa ganin Wilson na Barnawa kuwa? Farar ƙwallo tana jin maganarsa kamar matarsa.”

Sai dattawa su taso. Su ce a zamaninsu ramin tebur kamar kafar allura yake, na yanzu kuwa bakin rijiya, ko makaho ya buga sai ta faɗa. Samari su ce a da mutum nawa ne ma ke bugawa, ai 'yan masaƙa ɗaya ne suna cin junansu, yanzu kuwa daga Sabo har Narayi kowane lungu da teburinsa. Wani tsoho mai tsaron coci ya tsoma baki ya ce duk ku yi shiru, Jonathan Mai Rediyo da aka yi zamanin soja ya fi su duka, don shi da hannu ɗaya yake bugawa, ɗayan yana riƙe da rediyo a kunne. A yi ta ihu har wutar NEPA ta ɗauke, kowa ya tafi da ra'ayinsa, gobe a dawo a ɗora.

Ni ban taɓa ganin wasan Zakariyya'u ba, don a kulob suke bugawa da Baba. Abin da na sani, Bahaushe ne ɗan Makera, tare suka yi aiki da Baba a injin ɗaya. Bayan rikicin shekara ta dubu biyu ya kwashe iyalinsa ya haye gadar kogi zuwa Tudun Wada, kamar yadda namu Kiristocin can suka kwaso suka dawo nan. Tun daga lokacin ba su sake haɗuwa ba. Ba faɗa suka yi ba, gari ne kawai ya rabu biyu, kowa ya tsaya ɓangarensa.

Shi kuma Wilson ɗin da samari ke kuranta, firji ya kawo shi gidanmu. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, yana da shago a Barnawa. Namu da nake sa zoɓo da kunun zaƙi na sayar wa 'yan rumfa ya tsaya, aka kira shi. Dogo ne, baƙi, mai maganar sanyi kamar wanda ke tsoron tada barci. Ya tsaya yana kallon teburin Baba kamar ya ga kakansa, amma ko sanda bai taɓa ba. Gyaran da ya kamata a gama a yini ɗaya sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya manta sukurudireba, gobe ya zo ya ji ko injin yana ƙara. Firjin nan ya sha dubiya fiye da mai jego.

Daga nan muka mai da filashin yare. Idan wayata ta yi ƙara ta katse da sassafe, ina kwana ke nan. Idan da rana ne, kin ci abinci? Saƙon tes kuwa sai magana ta yi nauyi. Na farko da ya aiko min har yau ina iya karanto shi: “Judy, firjinku lafiyarsa ƙalau tun ranar farko. Ni ne ba ni da lafiya.” Na karanta shi a ofishin malamai, na kifa fuskata a kan littattafan yara ina dariya ni kaɗai.

Matsalar ita ce Anti Christy, ƙanwar Baba, wadda ta rene ni bayan rasuwar Mama. Shugabar zumuntar mata ce a cocinmu, kuma idan ta ɗaura zanen zumunta ta kafa ɗankwali, ko Fasto sai ya gyara tsayuwa. Ita ta riga ta zaɓa min miji: Albert, ma'aikacin gwamnati, mai farar mota Fijo, mai sa kwat ko ana zafin da ke narkar da kwalta. Kada ku zage shi, ba shi da laifi. Mutumin kirki ne, sai dai idan ya fara hira a kan ƙarin girma a ofis, agogon bango nake kallo.

“Ke ba ki da hankali,” Anti take cewa tana tsefe min kai, tana ja da gangan. “Ubanki da sinuka, mijinki da sinuka? Alli za ku dinga dafawa?”

“Anti, yana da sana'a fa.”

“Sana'a! Albert yana da fansho.”

Baba ya ce shi ba zai yi min dole ba, amma sai Wilson ya zo ya gan shi da kyau. Dangin Albert kuma suka aiko cewa suna tafe neman aure ranar Lahadi ta sama. Saboda haka Lahadin da ta zo kafin ita, bayan an taso sujada, Wilson ya zo gaisuwa.

Na sa atamfata mai ruwan goro da zanen ganyen rogo, na yi ɗauri har sau uku kafin ya zauna. Shi kuma ya zo cikin kaftani ruwan toka, guga har tana yanka, takalmi ya sha mai. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Kafin a ce me, labari ya zaga layi cewa Wilson na Barnawa yana rumfar Baba Ernest. Benci ya cika, har da masu leƙe ta kan katanga.

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa sanda. “An ce kai ne gwanin zamani. Zo mu gani.”

Akwai abin da ban gaya muku ba. Tun da hawan jini ya kayar da Baba shekara guda kafin nan, hannunsa na dama yake rawa. Kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa. Ya daina bugawa a gaban mutane, sai dai da safe shi kaɗai, idan yana zaton ban tashi ba.

Wilson ya fara da kyau, ƙwallo biyu suka shige kamar an kira su da suna. Sai Baba ya sunkuya zai buga, sandar tana karkarwa a kan yatsunsa, ta goce, farar ƙwallo ta yi tafiyar hawainiya ta tsaya. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren zoɓo, na ga fuskar Wilson ta canza. Tausayi ne ƙarara. Da ya karɓi bugu, ƙwallon da ke bakin rami, wadda ɗan firamare zai zura, sai ya kuskure ta. Bugu na gaba ya ajiye wa Baba fara a wuri mai daɗi. Haka ya yi ta yi, yana kuskure yana girgiza kai kamar abin ya dame shi, har Baba ya zura baƙa, wadda ita ce ta ƙarshe.

Samari suka tafa. Wilson ya rusuna yana murmushi. “Baba, ashe hannu ba ya tsufa.” Ya ɗauki katakon jeri zai tara ƙwallaye kamar yadda doka ta ce.

“Bar shi,” in ji Baba.

Ya jingine sandarsa, ya jawo ledar da ake rufe tebur da ita, ya rufe shi da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. “Ka gaida gida,” ya ce, ya shige ciki.

Ni da wautata har na fara murna, na ɗauka an gama. Sai da na kai masa gwaten da ya fi so, mai yakuwa da gauta, ya dawo min da kwanon yadda na kai shi, sannan na gane akwai matsala. Anti Christy kuwa har da 'yar waƙarta a kicin.

Washegari da safe na same shi a rumfa yana goge tebur. Na durƙusa na gaishe shi, na ƙi tashi.

“Baba, me ya yi?”

Ya ci gaba da gugarsa. Can ya ce, “Kin taɓa tambayata me ya sa nake cewa Zakariyya'u?”

“Ai ka ce ya fi kowa iyawa.”

“Jonathan Mai Rediyo ya fi shi ido. Yaron nan naki ma, daga bugun farko na gani, ya fi shi hannu.” Ya zauna a kan benci, ya ɗora burushin a cinya. “Lokacin da uwarki ta rasu, kina goye a bayan Christy, kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. A yi min magana ƙasa-ƙasa, a ɗauke min ko da bokiti ne. Har na fara jin ni ma an binne ni, mantawa aka yi ba a rufe ba. Zakariyya'u ya zo ta'aziyya ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da kekensa, ya ce hau. Ya kai ni kulob, ya ba ni sanda, ya yi min cin kaca. Ko ƙwallo ɗaya bai bar min ba. Na ce a sake, ya sake cinye ni. Haushi ya kama ni har na zage shi, shi kuwa yana dariya. A hanyar dawowa na ji yunwa, Judith. Rabona da jin yunwa tun ranar da aka kai ta asibiti.”

Hawaye suka cika min ido. Ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma na tabbata 'yan benci ma ba su taɓa ji ba.

“Shekara da shekaru muna bugawa, bai taɓa ɗaga min ƙafa ba. Shi ya sa duk wasan da na ci shi, na san nawa ne. Shi kuwa yaronki ya dubi hannuna ya yanke min hukunci.”

“Baba, ba raini ba ne, kunya ce. Wa zai ci surukinsa a gaban jama'a?”

“Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo.” Ya dube ni. “Wanda zai yi min ƙarya da sanda don ya faranta min, gobe zai yi miki da baki don ya faranta miki. Ranar da shago ya ƙone zai shigo yana murmushi ya ce lafiya lau. Ba na so ki zauna da mai tausayinki, ina so ki zauna da wanda zai gaya miki gaskiya.”

Na share ido na miƙe, zuciyata tana kan waya. Kamar ya gani.

“Kuma kada ki gaya masa. In kika gaya masa, ya dawo ya ci ni, ƙarya ta biyu ke nan. In yana sonki, ya nemo da ƙafarsa. In bai nemo ba kafin Lahadi, zan saurari mutanen Albert.”

'Yan uwa, makon nan ban san yadda na koyar da yara ba. Saƙon Wilson ya shigo tun kafin na kai makaranta: “Judy me na yi? Na durƙusa, na gaishe shi, na girmama shi. Abeg ki faɗa min.” Na rubuta amsar gaba ɗaya, na zuba mata ido, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Kalma kaɗan ce tsakanina da aurena, kuma ga ta a kan yatsana. Amma ban taɓa yi wa Baba ƙarya a kan abu mai nauyi ba, kuma can ƙasan raina ni ma ina so na san wane irin mutum nake so. Daga ƙarshe na aika: “Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ina sonka. Ka yi tunani.”

Shiru. Ba tes, ba filashin. Na dinga duba wayar har Anti ta ce in ba ta ita ta jefa a rijiya. Ita kuwa ta sauya labulen falo, ta aro kujerun roba daga coci, ta sa tela ya ɗinka min leshi ruwan hoda wanda ban roƙa ba.

Ranar Juma'a da rana wayar ta yi ƙara. “Na haye gada. Kada ki damu.”

Kada na damu? A shekarun nan, ɗan Barnawa ba ya shiga lungunan Tudun Wada haka kawai, kamar yadda na can ba ya shigowa namu. Ba wai kullum ana faɗa ba ne, tsoro ne ya zauna a zukatan mutane ya ƙi tashi. Na kira, ba ta shiga. Na shiga bayan aji na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba.

Lahadi ta zo. Muka dawo daga sujada, Anti ta ɗora dafa-duka a babbar tukunya, ƙamshin kaza ya cika gida. Ta matsa min na sa leshin. Baba yana rumfa cikin farar rigarsa ta coci, 'yan benci sun fara taruwa, ana ta musun da aka saba amma ba armashi.

Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya. Wilson ya sauko, ba kaftani, rigar aikinsa ce mai tabon mai, riƙe da wani dogon abu naɗe a tsohon zani. Ya durƙusa ya gaida Baba. Sannan ya miƙe tsaye.

“Baba, na zo ne in ci ka.”

“Yesu!” Anti ta ce daga bayana, ludayi a hannu. “Ji min rashin kunya!”

Baba ya yaye ledar tebur. Tunda shi ya ci wancan karon, shi ya fasa jerin ƙwallaye. Hannun yana rawa, amma ƙwallo ɗaya ta gangara ta faɗa. Ya sake sunkuyawa, ya kuskure.

Wilson ya warware zanin, ya fito da wata tsohuwar sanda da ta yi baƙi don shan hannu, ya goga mata alli. Daga nan Baba bai sake taɓa tebur ba. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Ba gaggawa, ba burga, ƙwallo tana faɗawa fara tana zuwa ta tsaya daidai inda ta gaba take jiranta. 'Yan benci suka manta da tafi. Ni kaɗai na lura idonsa ya yi ja. Cin tsohon nan yana yi masa ciwo, amma bai sassauta ba.

Saura baƙa. Baba ya ce, “Wane rami?”

Wilson ya nuna na can nesa, na kusurwar faci. Ya buga. Ta bi gefen katako a hankali, ta faɗa.

Ba wanda ya yi motsi. Sai na ji wani sauti da na kwana biyu ban ji ba: Baba yana dariya, irin ta ciki, har yana dafa tebur. Ya ɗauki katakon jeri. Wani saurayi ya zabura zai taya shi, Baba ya daka masa harara. Da hannunsa mai rawa ya tattaro ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa.

“To Baba, yanzu wa ya fi?” wani ya yi ƙarfin halin tambaya.

“Zakariyya'u mana. Shi da ko ɗayar nan ba zai bari na zura ba.” Aka fashe da dariya. Sai idonsa ya sauka kan sandar da ke hannun Wilson, kan wani zoben tagulla da aka ɗaure gindinta da shi. Dariyar ta tsaya. “Ina ka samo wannan?”

“Wajen mai ita, Baba. Na gaji da tunani, na ce bari na je na tambayi wanda kake kira kullum. Na yi ta tambaya a Tudun Wada har aka kai ni shagon ɗansa. Da na ba Zakariyya'u labari, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, yaro, ka zagi Ernest zagin da ban taɓa yi masa ba.” Wilson ya sunkuyar da kai. “Ka yafe min, Baba.”

“Yana nan lafiya?” in ji Baba.

“Yana bakin titi, wajen mai lemo. Tare muka zo. Ya ce ba zai shigo ba sai ya ji an yi maka cin da ya dace.”

Katakon jeri ya suɓuce daga hannun Baba. Ya nufi hanya da silifas ɗinsa, yana sauri irin wanda likita ya hana shi. Daidai nan farar Fijo ta sako kai cikin layinmu tana hon, ya wuce ta gefenta ko kallo bai yi ba. Sai kuma ya tsaya, ya juyo, ya dawo rumfa. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗauko burushin, ya danƙa wa Wilson a tafin hannu.

“Goge shi da kyau kafin mu iso. Ba na so Bahago ya ce gidanmu ba a iya riƙon tebur ba.”

Anti Christy ta dubi burushin, ta dubi Fijo, ta dube ni. Ta san abin da ta gani, don ita ta shafa min man zafi a goshi ranar ranƙwashin nan. Ta ja dogon numfashi, ta gyara ɗankwali, ta ce, “To. Ni zan tarbe su, tunda ni na kira su. Ke kuma je ki cire leshin nan kafin ki jiƙa shi da hawaye.”

Ban tafi ba. Wilson yana tsaye riƙe da burushin da hannu biyu kamar an ba shi jariri, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

“Judy, ta ina ake farawa?”

Na buɗe baki, kuka da dariya suka taho tare. “Ni kake tambaya? Ni da aka haifa a gidan, ban taɓa samun izinin riƙe shi ba.”